Anti Ma Tana Bukatar Malami

Ranar Larabar da ta wuce, bayan la'asar, maƙwabciyata ta faɗo gidanmu a Rikkos, nan Jos, riƙe da waya, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Yaya, don Allah kalli wannan, ki faɗa mini ko ni ce na cika zafin rai."

Bidiyo ne gajere, bai kai minti ɗaya ba. Ɗanta ne mai shekara uku da 'yan watanni a tsaye gaban aji, wandonsa jiƙe sharkaf. Sauran yaran sun kewaye shi suna tafi suna rera masa "amalala mai fitsarin kwance". Daga bayan wayar kuma muryar babba ce take ba su waƙar tana ƙyalƙyala dariya. Antinsu ce, wato malamar ajinsu na nazare. Ita ta ɗauka, ita ta ɗora a sitatus ɗinta na WhatsApp. Wata uwa mai lambarta ta gani, ta turo wa uwar yaron.

Yaron bai yi kuka ba. Yatsa ya sa a baki yana kallon siminti. Wannan shirun nasa ne ya hana ni barci.

Washegari na raka ta makarantar. Ba zan kama suna ba, don irinta daga Gangare zuwa Unguwar Rogo sun fi a ƙirga. Mai makarantar ta karɓe mu da mutunci, ta ba da haƙuri, ta aika aka kira antin. Yarinya ce da da ƙyar in ta kai shekara 20. Ta durƙusa ta ce, "Wallahi Hajiya wasa ne, don ya daina. Mu ma haka aka yi mana."

Na dubi idonta na ga ba ƙarya take ba. Har zuciyarta ba ta san ta yi wani abu ba. Tun ranar da aka ɗauke ta aiki babu wanda ya zaunar da ita ya ce mata fitsarin ɗan shekara uku a wando ba laifi ba ne, kuma hoton ɗan mutane ba nata ba ne da za ta watsa.

Maƙwabciyata so take a kore ta. Ni kuwa ban ga abin da korar za ta gyara ba, domin ranar Litinin wata irinta za a ɗauko daga layin baya. Ra'ayina shi ne riƙe ajin 'yan shekara biyu zuwa biyar sana'a ce mai dokoki, kamar aikin jinya. Kada a damƙa wa kowa wannan aji sai an karanta masa dokokin a rubuce ya sa hannu. Kuma a riƙa mayar da shi aji ana ƙara masa sani duk zangon karatu, da kuɗin makaranta, ba daga ɗan albashinsa ba.

Laifi tudu ne

Kafin a ce na sami abin taka wa wata, bari in taka nawa. Ni ma na yi anti.

Shekarar da na gama sakandare, ina jiran sakamako, wata ƙawar mahaifiyata ta ce in zo in riƙe mata ƙaramin aji maimakon zaman gida. Tambaya ɗaya aka yi mini: kin iya Turanci? Na ce na iya. Aka miƙo mini alli da rula, aka nuna mini ƙofa. Yara sun haura 30.

A cikinsu akwai wani yaro da na raɗa wa suna mai kunnen ƙashi. In na kira shi ba ya waigowa. In na ce kowa ya tashi, sai ya ga na kusa da shi ya tashi sannan ya miƙe. Rular nan ta sha sauka a bayan hannunsa. Har uwarsa na kai wa ƙara, ita ma ta ƙara masa da nata a gabana.

Bayan shekaru, ina karatun ƙarshen mako na NCE, takardar shaidar malanta, a ƙarƙashin Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI mai hedikwata a Kaduna, wani malaminmu ya lissafa alamomin yaron da ba ya ji sosai: yakan karkato da kunne ɗaya, yakan zuba wa bakin mai magana ido, yakan kwaikwayi abin da na kusa da shi ya yi. Ya ce ciwon kunne mai fitar da ruwa, in aka bar shi, yana rage ji. Nan take gabana ya faɗi. Na tuna audugar da kullum take cushe a kunnen yaron nan. Ina ganinta kowace safiya, amma ban taɓa haɗa ta da rashin amsawarsa ba.

Ban san inda yake yanzu ba, balle in nemi gafararsa. Ban kasance muguwa ba a lokacin. Jahila ce ni a kan aikin da aka ba ni, kuma ga yaro ɗan shekara huɗu bambancin biyun ba shi da yawa, rular dai ita ce rular.

"Me ake koyarwa a nazare? Ai kowace mace ta iya reno"

Wannan ita ce magana ta farko da za ka ji, kuma ita ce tushen ɓarnar. Saboda ita ne makarantunmu suke juya tsari kai ƙasa: mai digiri a ba shi ajin masu zana jarrabawar fita, mai NCE a ba shi firamare, wadda ba ta da komai a tura ta wurin ƙanana. Ga masu makarantu, ajin nazare ya zama zauren jira, inda yarinya za ta zauna kafin JAMB ta yi kyau ko kafin a kawo lefe.

Alhali ɗan sakandare in malami ya zalunce shi zai iya faɗa a gida, in ya koyar da shi ba daidai ba zai iya buɗe littafi. Ɗan shekara uku ba shi da bakin kai ƙara. Abin da anti ta yi masa, a wurinsa haka duniya take. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. A daidai wannan lokaci ne muke miƙa shi ga wanda muka fi raina wa sani.

Renon ɗanka ɗaya ko biyu a tsakar gida daban, riƙe 'ya'yan mutane 30 a ɗaki ɗaya daga ƙarfe takwas zuwa azahar daban. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Ku leƙa tagar ajin 'ya'yanku gobe ku ƙirga.

Ga abubuwan da iya reno kaɗai ba ya koyarwa. In yaro ya shaƙe da gyaɗa ko alewa, me za a yi a cikin minti ɗayan da ake da shi? In zazzaɓi ya yi zafi yaro ya fara jijjiga, yawancinmu cokali za mu nema mu tura masa a baki, alhali ma'aikatan lafiya cewa suke a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki, a garzaya asibiti. Mu a Jos ga sanyin Disamba da Janairu da ke shiga har ƙashi. Yaro mai sikila sanyi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwo. Antin da ta kafa dokar "babu shan ruwa sai an fita tara", ko ta tsayar da wanda ya makara a waje cikin hunturu, tana iya kwantar da shi asibiti ba tare da ta ɗaga masa hannu ba.

Sai kuma bahago. Har yau ana buge hannun hagun yaro a ajin nazare don ya koma rubutu da dama. Cin abinci da dama tarbiyya ce ta addini da al'ada, a koya masa a hankali. Amma fensir, a bar shi ya riƙe da hannun da Allah Ya sauƙaƙa masa.

Amanar da ba a rubuta ba

Ƙaramin yaro rediyo ne. Duk abin da ya faru a ɗakin iyayensa da daddare, anti za ta ji shi kafin ƙarfe tara. "Babana ya mari mamana." "Yau ba mu sha shayi ba." "Mamana ta tafi gidansu." Likita ya san asirin mara lafiya ba na hira ba ne, an koya masa, ya yi rantsuwa a kai. Anti kuwa tana riƙe da asirin gidaje 30, ba wanda ya taɓa ce mata amana ce. Sai ka ji labarin gidan wance ya fito daga ofishin malamai ya isa wurin mai kitso. A ɗaya gefen kuma, in yaro ya faɗi abin da ke nuna ana cutar da shi, ko ta ga tabo a jikinsa, wa za ta sanar, ta yaya? Shiru a nan ma cin amana ne. Sanin abin da ake rufewa da abin da ake kai wa gaba, karatu ne, ba a haifar mutum da shi.

Akwai ƙananan abubuwa da duk uwa ta sani amma ba ma faɗa. Cokali biyu da ake ɗiba daga kular abincin yaro da sunan ɗanɗano. Ɗan wadda ta kawo wa anti turare ko atamfa da Sallah shi ne a layin gaba, shi ne kuma zai fito a wasan bikin ƙarshen shekara. Lesin ɗin yamma na dole ga yaron da ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba. Mu iyaye muna da hannu a wannan, domin mu muke kai kyautar da niyyar da muka sani.

Maganar wanda zai ɗauki yaro in an tashi ta fi waɗannan nauyi. Wani ya tsaya bakin ƙofa ya ce shi kawunsa ne, ko mai Keke ya ce yau shi aka aiko, a miƙa yaro. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Kano a farkon 2022, inda aka gano cewa wanda ya sace yarinya 'yar shekara 5 ya kashe ta shi ne mai makarantarsu, ya san ba a wasa da tambayar waye yake da ikon riƙe hannun yaro, a wajen makaranta ko a cikinta.

Sannan akwai amanar da ta shafe mu mutanen Jos fiye da kowa. Tun rikicin Satumban 2001 unguwanninmu suka rarrabu, kowa ya koma cikin nasa. Yara da yawa suna tasowa ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. A makarantun da har yanzu ake cakuɗe, ɗan Bahaushe da ɗan Birom da ɗan Afizere da ɗan Ibo a benci ɗaya, bakin anti ne wurin farko da yaro zai ji yadda babba yake ambaton "waɗancan". A makarantun da ba a cakuɗe ba ma haka ne, ko ma fiye, tunda babu ɗan wancan ɓangaren da zai ƙaryata abin da aka faɗa da murmushinsa. Kalma ɗaya ta raini da ta suɓuce wa malama tana hira da abokiyar aikinta, yara 30 sun tafi da ita gida. Mun san kalmomin, ba sai na rubuta su ba.

"Mu ma da bulala aka raine mu, ga mu mun zama mutane"

Haka ne, ga mu. Amma waɗanda suka gudu daga makaranta saboda bulalar ba sa cikin masu wannan magana, ba wanda ya je tasha ko bakin kasuwa ya tambaye su.

Ana yawan kawo karin maganar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ai mai tanƙwara ɗanyen icce a hankali yake bi, ya san in ya yi gaggawa karyewa zai yi. Ba na cewa a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Ina cewa dukan ɗan shekara uku saboda ya kasa rubuta takwas, ko tara masa yara su yi masa ature, ba horo ba ne, gajiyar babba ce da rashin wata dabara. Wadda aka koya wa dabaru biyar na kwantar da aji ba ta kai hannu ga rula sai ta ga dama. Wadda ba a koya wa ko ɗaya ba, rular ce kaɗai abin da ta mallaka.

Ga masu jingina dukan ga addini: Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Muna karanta waɗannan a Islamiyya da yamma, da safe kuma mu miƙa wa anti yaro mu ce "ki ci ubansa in ya ƙi karatu".

Ta fuskar doka ma, Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda Jihar Filato ta amince da irinta, ta haramta wulaƙanta yaro da tozarta shi. Bidiyon nan da na gani, tozartawa ce ko ta wace fuska aka dube shi.

"A kan wannan albashin kike so ta zama ƙwararriya?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar na kayar da ita ba.

Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 ne. Antocin da na sani a unguwarmu babu mai ɗaukar rabin wannan, kuma watan dogon hutu ba a biyansu ko sisi. Dokar ma ta bar ƙofa a buɗe, domin ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, yawancin ƙananan makarantun unguwa kuwa a nan suka faɗa. Yarinyar da kuɗin Kekenta ya cinye kashi ɗaya cikin uku na albashinta, ka ce ta biya kuɗin bita daga aljihunta, ka yi mata ba'a.

Shi ya sa na ce nauyin na makaranta ne. Mai makaranta kuma zai ce iyaye ba sa biyan kuɗin zango a kan kari, in ya ƙara Naira dubu biyu rabin aji za su koma makarantar layin gaba. Shi ma gaskiyarsa. Araha ba ta ado, mu iyaye mun sani, muna dai kau da kai.

Amma ƙarancin albashi yana bayyana dalilin da ya sa ƙwararru ba sa zama, ba ya halatta cin amana. Rashin ɗora hoton ɗan mutane a waya ba ya cin ko kwabo. Rufe asirin gidan yaro kyauta ne. Takarda shafi ɗaya mai ɗauke da abin da aka yarda da abin da aka hana, a karanta wa sabuwar malama da Hausa ranar da ta fara aiki, kuɗinta bai wuce na hoton takarda ba. Makarantar da ta ce ba ta da halin wannan, ba hali ta rasa ba.

Kuɗin bitar ma akwai su, wani wuri suke tafiya. A ƙarshen kowace shekara makarantun nan suna karɓar kuɗin bikin yaye 'yan nazare: riga mai faɗi da hula mai kusurwa huɗu kamar masu digiri, hayar rumfa da kujeru, mai kiɗa, mai hoto. Yaron da ake yayewa bai san me ake yi ba, kuka ma yake saboda hular ta dame shi. A rage rumfa ɗaya da mai kiɗa, an sami kuɗin horar da malamai na zango guda.

"Tamu tana da NCE"

Madalla. NCE a wane fanni? Wadda ta karanta Tattalin Arziki ko Nazarin Addini a kwalejin ilimi ta san fanninta, amma ba a koya mata yadda yatsun ɗan shekara uku suke ƙarfi ba, ko dalilin da ya sa wasa da ƙasa da zura ƙwallaye a zare suke gaba da riƙe fensir. Akwai NCE na musamman a kan kula da ƙananan yara da ilimantar da su. Masu shi ba su da yawa a azuzuwanmu, wasunsu ma an tura su firamare don an ga "sun fi ƙarfin" nazare.

Ko mai wannan takardar ma ba ta gama ba. Wadda ta fita kwaleji shekara 15 da suka wuce ba a koya mata komai a kan yaron da ya tashi da waya a hannu tun yana rarrafe ba, ko a kan dokar ɗaukar hoton yara, domin a lokacin matsalar ba ta iso ba. Abin da aka sani a kan yaran da ke jinkirin magana ko masu galahanga ya ƙaru ƙwarai. Da, irin waɗannan yara sai a ce miskilanci ne ko aljanu. Anti ce take ganin yaro awa biyar a rana a tsakiyar tsaransa, ita ta fi kowa damar lura cewa wannan ya bambanta, ta ce wa uwa a je a ga likita tun da wuri.

Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, tana da kundin ɗa'ar malamai, tana da jarrabawar cancanta, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa, kuma ta ce ci gaba da neman sani wajibi ne ga mai lasisi. A takarda komai ya ji. Ku tambayi antin ɗanku ko ta taɓa jin sunan hukumar.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne da aka kawo mana daga waje. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19, ba ta naɗa jaji, wato jagorar mata mai koyarwa, ta sallame ta shi ke nan ba. Jajis sukan dawo wurinta su ƙaro karatu, sannan su koma ƙauyukansu su koyar da mata. Malama mai komawa gaban malama tsohon tsarinmu ne.

"Ai aikin gwamnati ne"

Wani ɓangare nata ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kuma akwai kason horar da malamai da ke bi ta takwarorinta na jihohi, wato SUBEB. Sai dai wannan malaman makarantun gwamnati yake isa. 'Yan nazare na unguwanninmu kuwa akasarinsu a makarantun kuɗi suke, a gidajen haya da aka mayar azuzuwa.

Bayan ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji a nan Jos ranar 12 ga Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai, kowa ya koma maganar duba gine-gine, kuma daidai ne. Tsagewar bango ana ganinta da ido. Abin da ke faruwa tsakanin anti da yaro in an rufe ƙofa kuwa, mai duba makarantu da ya zo sau ɗaya a shekara ya sha lemo a ofis ba zai gan shi ba.

Don haka ba zan zauna jiran Abuja ba. Makarantu goma na unguwa ɗaya za su iya haɗa kai, Asabar ɗaya a wata, a ajin ɗaya daga cikinsu. Wannan watan a gayyato malami daga sashen ilimi na Jami'ar Jos ko daga makarantun horar da malamai na Gindiri ko Pankshin. Wata mai zuwa ma'aikaciyar jinya daga asibitin unguwa ta nuna taimakon gaggawa da hannunta. Wani watan kuma ba sai an kira kowa ba, tsohuwar malamar da ta yi shekara 30 tana riƙe aji ɗaya ta zauna ƙanana su yi mata tambaya. A ba kowace anti kuɗin mota da abin taɓawa, a rubuta sunan wadda ta zo. Ƙungiyar masu makarantu, NAPPS, tana iya shirya wannan cikin mako biyu in ta so, tunda tana iya tara mambobinta in maganar haraji ta taso.

Mu iyaye kuma mu rage matsa wa anti ta yi abin da bai dace ba. Mu ne muke zuwa da faɗa cewa ɗan maƙwabta yana rubuta 1 zuwa 100 namu bai iya ba. Mu ne muke auna makaranta da nauyin jakar aikin gida da yawan Turancin da yaro yake haddacewa bai san ma'anarsa ba. Rabin allunan makarantun garin nan an rubuta Montessori a jiki. Ita Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, a unguwar talakawa, kuma ginshiƙin tsarinta shi ne babba ya lura da yaro, ya bar shi ya koya da hannunsa da kayan da ya zaɓa. Da za ta leƙo ta ga 'yan shekara uku a jere kan benci suna kwafe allo, rula na yawo a kansu, da ta nemi a goge sunanta.

A taron iyaye da malamai na gaba, maimakon mu ƙare a kan launin safa da kuɗin biki, wani ya ɗaga hannu ya tambaya: yaushe rabon da malaman ƙananan azuzuwa su je bita, kuma ina takardar dokokin da suka sa wa hannu?

Ba a kori antin ba. An sa ta goge bidiyon, ta ba uwar yaron haƙuri, maƙwabciyata ta haƙura ba don ranta ya so ba. Yaron ya yi kwana uku yana maƙale ƙafar uwarsa a bakin ƙofar makaranta.

Ranar da muka je, mun kai bakin titi muna jiran Keke sai na ji takun gudu a bayanmu. Antin ce, mayafinta a hannu. Ta tsaya tana haki, ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, don Allah kar ki ga kamar rashin kunya. To in yaro ya yi fitsarin, me ake yi?"

Na ce ta kama hannunsa ba tare da ta ɗaga murya ba, ta kai shi bayi ta wanke shi da ruwan da ba sanyi ƙarara ba, ta canja masa wando, ta ce masa ba komai, ta dawo da shi wurin zamansa kamar ba abin da ya faru. Na ce ta riƙa kai su bayi layi-layi kafin tara da bayan tara, ta kuma roƙi iyaye kowa ya riƙa saka wando na biyu a jaka.

Ta ciro biro daga cikin gashinta ta rubuta a tafin hannu. Watanta bakwai a ajin.